Takardar da Yaya Ta Rataya

Ran nan 'yan gwangwan suka je makarantar da na ƙare aikina a cikinta, suka kwashe tarkacen tsohon sito. Wani ɗalibina na da, wanda yanzu shi ke zaune a kujerata, ya bugo mini waya yana ƙyalƙyala dariya, ya ce, "Malam, yau dai an ɗora abokinka a sikeli." Injin juya takarda yake nufi, baƙin nan mai hannu irin na injin taliya, wanda na hana a jefar tun ina bakin aiki, har yara suka sa masa suna abokin Malam. Na taya shi dariya don kada ya ji nauyi. Da na ajiye wayar kuwa, sai na kasa ƙarasa kunun da ke gabana.

Yaran yanzu ba za su san ƙarar injin nan ba. Ƙaras, ƙaras, ƙaras, kana juyawa takarda na faɗowa ɗaya bayan ɗaya da ɗanyar tawada, warinta ya kama riga har gida, farce ya yi baƙi sai an yi mako ana gurza shi da toka. Daga tagar ofishinmu na farko a Ƙaura muna jin jiniyar jirgin ƙasa idan ya iso ƙarshen layi, 'yan dako na kiran juna, masu tallan fura na bin taragu. Yau babu jiniyar, babu injin. Ɗalibai sukan naɗi murya a waya su tura saƙon lafiya ya kai Banga da Sakajiki kafin shayi ya huce, kuma ba zan yi ƙaryar tsofaffi in ce namu ya fi ba. Nasu ya fi sauri, wani lokaci ma ya fi kyau. To amma ni ba injin nake wa baƙin ciki ba. A cikin tarin takardun da ya fitar akwai guda ɗaya da na ɓoye wa yayata abin da ke cikinta shekara arba'in da ɗoriya, ina tsoron ranar da za ta sani. Labarinta zan bayar, tunda yanzu babu wanda ya rage da zan ji kunyarsa.

A wani ƙauye na ƙasar Zurmi aka haife mu, ni ne na ƙarshe, ita ce ta fari a ɗakin Inna. Sautin tabarya ke tashe mu, sai kukan guga a rijiyar bayan gida, sai muryar Baba yana kiran sunan shanun noma ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa. Yaya ce ke goya ni ta kai abinci gona, ita ke cire mini ƙaya, ita kuma ke make ni idan na ci tuwo da hagu. A zauren malamin unguwarmu ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Ita ta kama hannuna a kan alƙalamin kara ta nuna mini yadda ake jan baƙi, tana cewa, "Auta, sassauta mana, ba fartanya ka riƙe ba." Da aka zo ɗaukar yara boko ni aka ɗauka. Ita ta zauna, ta yi aure da wani manomi mai kirki a wani ƙauye kan hanyar Shinkafi, hayin gulbi. Ko sau ɗaya ban ji ta ce me ya sa ni ba ita ba.

Akwai wata ɗabi'a ta mutanenmu da dole in faɗa, don a kanta komai ya rataya. Takardar da ke da rubutun Larabci ba ta kwana a ƙasa. Baba yana tafiya, idan ya hangi yagaggen ɓalli a hanya sai ya duƙa ya ɗauka, ya hure shi, ya soke shi a tsagar katanga ko a jinka, inda ƙafa ba ta kai. Ba ya tsayawa duba me aka rubuta. Ko lissafin buhunan wani ne, in dai da baƙin allo aka yi shi, ya sami girma. Mai hannun dauɗa ba ya taɓawa, ba a shiga da shi inda ake kashi da fitsari. Ni kaina na taɓa shan dorina don na ƙunshe ƙuliƙuli a irin wannan takarda. Ku riƙe wannan: na san abin nan tun ban san hagu da dama ba, ba baƙo ne ya zo ya yi kuskuren ba.

Da na gama makaranta aka ɗauke ni aiki a sashen wayar da kai na lafiya, a matsayin mai rubuta sanarwa da takardun faɗakarwa. Aka haɗa ni da wata ungozomar asibiti da kowa ke kira Sista, Kirista ce daga wajen Filato, ta daɗe a Ƙaura har ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Gajeruwa, mai faɗa, da laima kullum a hamata. Ita ba ta je jami'a ta karanta yadda ake rubutu ba, amma duk abin da na koyar daga baya a aji, da manyan sunaye na Turanci, a wurinta na fara ganinsa. Tana da hanyar aiki guda da take kira bin takarda gida. Idan na rubuta abu, ba a juya shi da yawa. Sai mu ɗauki uku mu kai gidaje uku, mu miƙa wa matar gida ko wanda ya iya karatu, mu zauna mu kama bakinmu. Idan na buɗe baki zan yi bayani sai ta zungure ni da laima. "Kai za ka bi kowace takarda ka tsaya a bayanta kana bayani? Bar ta ta yi magana da kanta." Bayan mako mu koma mu ga inda takardar take kwana. Mun tarar da wata an ƙunshe ƙosai, wata an toshe ramin ɓera. Abin da ke faranta wa Sista rai shi ne ta ga takarda ta yi maiƙo, ta yamutse, da shatin yatsa a jiki. Sai ta ɗaga ta sama ta ce, "Yawwa! Wannan an ci moriyarta." Ni kuwa haushi nake ji, don na sha wahalar rubutun.

Wata damina gudawa da amai suka shiga yara. Kullum ana shigo da su asibiti a kan jaki da keke, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, da yawa kuma ba sa isowa. Maganin farko ba wani abu mai wuya ba ne, ruwan gishiri da sukari ne da kowace uwa za ta iya haɗawa a ɗakinta idan ta san awon, ta yi ta ɗura wa yaro kaɗan-kaɗan kafin a kai asibiti. Muna da takardar da ke bayanin haka, amma da boko, kuma a ƙauyukanmu na wancan lokaci mai karanta boko sai an tona. Sai dabara ta faɗo mini: in rubuta ta da ajami, wanda kusan kowane gida akwai mai karantawa. Dabarar ba ta da laifi, har yau ina tsaye a kanta. Abin da na yi da ita ne ya ɓaci.

Kwana uku na yi ina kartar takardar kakin da ake ɗaura wa injin, da alƙalamin ƙarfe, ina fito da duk gwanintar da Yaya ta koya mini. Na ninka takardar gida biyu. A shafin gaba na buɗe da Bismillah da manyan baƙaƙe, na bi da salati, na bi da doguwar addu'a ta Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu daga cuta. Na kewaye shafin da zane irin na allon sauka. Awon ruwa da gishiri da sukari kuwa na tura shi ciki, sai an buɗe. A raina ina cewa mutanenmu ba sa son a faɗo musu magana babu sallama, kuma idan suka ga sunan Allah za su yarda da abin. Na kai wa Sista ina ta washe baki. Ba ta iya karanta ajami ba, ta dai juya ta gaba da baya, ta daɗe tana kallo.

"Ta yi kyau, ɗana," in ji ta. "Ta yi kyau da yawa. Wa zai taɓa wannan da hannun miya?"

"Ai ba don hannun miya aka yi ta ba, Sista."

"To don wane hannu? Uwar da ɗanta ke gudawa, hannunta a me yake? Kai ta gida uku tukuna."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuci, wannan baiwar Allah me ta sani game da mu da rubutunmu? Na ce mata yara na mutuwa, babu lokacin jiran mako guda. Shugabanmu ya ga takardar ya yaba, ya ce a juya. Na juya har kafaɗata ta riƙe. Sannan na ƙara wata dabarar a kan ta farko: na raba wa limamai, su bayar bayan an sallame Juma'a. Na tsaya a wani masallaci ina kallon dattawa na karɓa da hannu biyu suna sawa a aljihun gaba, ina jin kaina kamar wanda ya gama da cutar. Ta Yaya kuwa ban kai da kaina ba. Na ba direban motar da ke zuwa kasuwar Shinkafi, na ce ya miƙa wa mijinta, ya ce daga Auta, ta lafiyar yara ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka Baba ke cewa, ni kuma ina ɗauka da wasu yake.

Yaya tana da 'ya a lokacin, Balaraba, ba ta daɗe da yaye ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je musu da tsarabar sukari gwangwani guda da sabulu. Yarinyar ta haye cinyata ta zare biro daga aljihuna ta sa a baki, leɓenta ya yi shuɗi, Yaya na dariya tana cewa, "Ga magajiyarka nan, ita ma boko za ta ci." Ba a yi wata uku ba direban nan ya tsaya a ƙofar ofishinmu, bai kashe mota ba, ya ce mini in yi haƙuri, 'yar yayata ta koma. Kwana uku ta yi tana gudawa. Gulbi ya kawo, babu halin ƙetarawa da ita.

Sai da ruwa ya ɗan ja 'yan fito suka ƙetarar da ni. Na yi wa maza gaisuwa a zaure, na shiga ciki. Yaya na zaune a bakin gado, ta rame, ta ga ni ta fara ba ni haƙuri tun ban ba ta ba. Ina durƙushe ina cewa Allah Ya sa mai ceto ce, sai ta nuna sama da haɓa. Na ɗaga kai. A jikin azara, daidai saman inda yarinyar ke kwanciya, ga wani abu an naɗe da farin ƙyalle an ɗaure da zare yana lilo.

"Ka gani, Auta, takardarka ce," in ji ta. "Malam ya karanta muna addu'ar ran da anka kawo, munka shafa. Da ciwon ya kama ta sai na rataya mata bisa kai. Ɗakin duk ya ɓaci, ban bari ko ɗigo ya taɓa ta ba. Ba mu yi sakaci ba, kwana ne ya ƙare."

Na dubi azara. Na juya na dubi jeren kwanoninta a gefen ɗaki, ga ƙoƙon gishiri, ga gwangwanin sukarin da na kawo da hannuna. Tsakaninsu da gadon bai kai taku uku ba. Na san kwana idan ya ƙare babu takardar da za ta ƙara shi, da wannan imanin aka rene ni kuma da shi zan mutu. Amma an ce mu nemi magani, kuma maganin yana rataye a kan yarinyar, na rufe shi da adon da na yi don a yabe ni. Idan na faɗa mata, na ɗora mata abin da uwa ba za ta iya ɗauka ba. Idan kuma zan faɗi gaskiya, tsoron idonta ma nake ji. Na ce, "Haka ne, Yaya, kwana ne." Na fita bayan gida na yi kuka a gindin rumbu.

Da na koma Ƙaura na gaya wa Sista komai. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta zauna, ta share ido da gefen ɗankwali, sannan ta ce, "Ɗauki keke ka bi sauran." Na bi su ƙauye-ƙauye har wajen Kasuwar Daji. Na tarar da su a cikin gafaka tare da littattafai, na tarar da su a soke a jinka, na tarar da wadda aka kai wa baduku ya ɗinke ta laya aka rataya wa jariri. Tas da su, ko lanƙwasa babu. Akwai waɗanda suka buɗe suka yi aiki da ita, ban hana ba, amma ba su da yawa. Wani tsohon liman da na kai wa kuka ya saurare ni har na gama, ya ce, "Sunan Allah bai yi laifi ba, ɗana, mutane ma ba su yi ba. Kai ne ka ɗauki 'yar aiki ka sa mata kayan sallah, ka ce ta shiga madafi." Ya ce in rubuta awon kawai, su za su yi Bismillah da bakinsu idan za su haɗa. Haka na yi. Takarda shafi ɗaya, hoton kwalba, hoton cokali, babu zane ko ɗaya. Muni gare ta ƙwarai, kuma ita ce ta yi aiki.

Daga nan rayuwa ta ja ni. Na koma karatu, na ƙara komawa, na zama malamin koyar da rubutun lafiya da na aiki: yadda ake rubuta bayanin shan magani, da takardar faɗakarwa, da littafin da ke nuna wa ma'aikaci yadda zai yi aiki da na'ura. Kowace shekara, ranar farko, nakan shiga aji in ba sababbin ɗalibai labarin wata mata a wani ƙauye da ta rataya takarda. In ce musu kafin ku tambayi me takarda ta ce, ku tambayi ina za ta kwana, kuma hannun wa zai ɗauke ta. Na rubuta labarin da Turanci aka buga a mujallar masana, na karanta shi a taruka aka tafa mini, yana cikin abin da aka duba aka ƙara mini girma. Tir da wannan tafi! Na ci abinci da mutuwar Balaraba shekara da shekaru, ban taɓa cewa matar nan yayata ce ba, ban kuma taɓa gaya wa mai labarin labarinta ba. Sista ta yi ritaya ta koma garinsu. Ranar da za ta tafi, a tasha, ta riƙe hannuna ta ce, "Ka gaya wa 'yar'uwarka?" Na ce tukuna. Ta ce, "Tukunan nan taka za ta tsufa." Ta tsufa kuwa.

Duk sallah ina zuwa gaida Yaya. Allah Ya ba ta wasu 'ya'yan, suka girma, suka yi nasu. Aka rushe ɗakin aka sake gini, aka sa kwano, amma farin ƙyallen nan ya bi ta sabon ɗaki, ya koma ruwan ƙasa don tsufa, yana nan a sama. Na ƙware wajen zama a inda zan ba shi baya. Ita kuma ta dama mini fura da nono mai yawa yadda nake so, ta yi ta tsokanata. "Auta mai biro, har yanzu rubutun ne? Ba ka gaji ba?" In ce ban gaji ba. Ta ce, "Madalla, kada ka gaji." Sau nawa na ɗauro niyya daga gida, in shirya maganar a mota, in iso in ga tana dariya da wawulonta, in haɗiye.

Sannan ƙasar ta lalace. Ba sai na ba kowa labari ba, duk wanda ke nan ya sani. Hanyar da nake bi da keke ni kaɗai, in tsaya a rugar Fulani a ba ni nono kyauta, ta zama ba a binta sai da addu'a. Gonakin gero da dawa da muka sani sun koma jeji. Zuwan sallah ya gagara shekara biyu, uku. Mijin Yaya ya riga ya rasu, 'ya'yanta suka watse neman inda za su tsira da iyali. Wata rana da hantsi sai ga mai babur ya sauke ta a ƙofar gidana, tsohuwa tukuf, ƙafa duk ta kumbura, da ƙunshi guda a hannu. Garin gaba ɗaya ya tashi. Ta bar tumakinta, ta bar kwanonin aurenta, ta bar kabarin mijinta da na 'yarta.

Bayan ta huta kwana biyu, da safe ina zaune a tsakar gida ita kuma tana tsince wa maiɗakina wake da lalube, don idonta ya yi rauni, sai ta aika a ɗauko mata ƙunshinta. Ta kwance. Zane biyu, carbi, sai naɗaɗɗen ƙyallen nan.

"Ban iya barinta 'yan bindiga su ƙone ta da sunan Allah a jiki," in ji ta. "Karɓi. Kwance ka karanta mani, idona ya tahi."

Na karɓa. Na ce a raina yau dai ƙarya ta ƙare, idan na karanta gaba dole in buɗe ciki, in ta tsine mini ta tsine. Na warware zaren, na buɗe ƙyallen. Ga rubutuna na ƙuruciya, ga zanen, fes kamar jiya aka juya. Na karanta addu'ar tana cewa amin. Na kai ƙarshe, na sa yatsa zan buɗe, sai na ji babu abin buɗewa. Shafi ɗaya ne. An bi ninkin da reza an yanke shi tsaf.

"Yaya, ina rabinta?"

Ta ajiye faifan wake. Ta kwance bakin zanenta, inda mata ke ƙulle goro, ta fito da wani abu baƙi ƙirin, an ninka shi har ya kusa rabewa. Ta miƙo mini. Na buɗe a hankali. Awon ruwa ne da gishiri da sukari. Manja ya ci shi, hayaƙi ya dafa shi, gefensa duk shatin yatsu, wani wurin ma an bi baƙin da ya goge da tawadar allo an maimaita, da hannun da na sani.

"Wagga ita ce 'yar aikin," in ji ta. "Waccan tana bisa, wagga tana wurin gishiri. Duk ɗiyan da na haifa bayan Balaraba sun sha ruwanta. Matan garinmu ma, in ciwon ya zo, wurina suka zuwa."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Ranar arba'in ɗinta. Na yi alwala na sauko da ita in karanta mata addu'ar da bakina. Na gama, na ga akwai ciki, na buɗe." Ta murza ƙwayar wake a tsakanin yatsu. "Sukarin da ka kawo da sallah, ko rabi ba mu sha ba."

"Shekara arba'in, Yaya! Me ya hana ki gaya mini?"

"Kai mi ya hana ka? Ran da ka zo gaisuwa na ga ka dubi azara, ka dubi gwangwani, fuskarka ta sake. Sannan ban gane ba, sai da na karanta. Na ce yaron ga ya sani, kuma shina ɓoye mani don tausayi. In ya san na sani, ba shi ƙara riƙe alƙalami, ba shi ƙara shigowa ɗakina. Ɗiya guda na rasa, Auta. Ban iya rasa biyu."

Ni da furfurata, da jikokina a cikin gida, na sauka daga kujera na durƙusa a gabanta ina kuka, ina cewa ta yafe mini, ni na rufe maganin da ado, an gaya mini ban ji ba. Ta laluba ta dafa kaina kamar lokacin da take cire mini ƙaya.

"Na yafe tun ba ka roƙa ba," in ji ta. "Ni wa za ya yafe mani? Ni na koya maka baƙin nan. Kwana uku tana lilo bisa kaina, na iya karatu, ban buɗe ba."

Duk shekarun nan ina zaton ni kaɗai ke ɗauke da kayan, ashe nata ya fi nawa nauyi, kuma da na yi magana tun farko da mun ɗauka tare. Abin da shiruna ya saya mata ke nan.

Yaya ta rasu da kakar bara, a nan Ƙaura aka rufe ta, nesa da Balaraba. Shafin addu'ar na mayar da shi cikin ƙyallensa na sa a gafaka, can ne wurinsa. Baƙin shafin awon kuwa, ɗalibin nan nawa ya roƙe ni in ba shi ya sa a gilashi ya kafa a bangon aji, don yara su gani. Na ce masa a'a, wannan takardar an gama rataye ta. Tana madafi, a cikin wani tsohon gwangwani kusa da gishiri, inda jikokin Yaya za su kai hannu.